Ƙarancin agogon Rolex: wanda ya ƙi jira shi ke biyan kuɗin layi

Duk wanda ya shiga kantin da ke da izinin sayar da Rolex a Paris, Landan ko Dubai a shekarun baya-bayan nan ya san yadda ake ƙarewa. Agogunan na jere cikin gilashi, amma da ɗan allo a gefe da ke cewa na kallo ne kawai. Mai kanti zai tarbe ka da fara'a, ya rubuta sunanka, ya ce za a kira ka. Ranar kiran ce ba wanda zai faɗa maka. Kana fitowa ka buɗe waya, sai ga agogon da aka hana ka a hannun ƴan kayi-nayi, sabo fil cikin akwatinsa, farashinsa ya haura na kanti nesa ba kusa ba.

A ganina, matashin da ya tara kuɗinsa da gumi, a gida ko a ƙasar waje, bai kamata ya biya wannan ƙarin ba. Kuɗin da ya ɗora a kan farashin kanti ladan rashin haƙurinsa ne, kuma shi ne kuɗin da ke fara narkewa ranar da kasuwa ta juya.

Bari mu fara da yadda aka shiga wannan hali. Hans Wilsdorf ya kafa kamfanin a Landan a 1905, daga baya ya mayar da shi birnin Jeneba na ƙasar Suwis. Tun rasuwarsa a 1960 wata gidauniya mai sunansa ce ke riƙe da shi. Ma'ana, babu masu hannun jari da za su matsa wa kamfanin ya ninka abin da yake ƙerawa don ribar bana. Rolex ba ya fitar da alƙalumansa, amma masu bin kasuwar, irin su bankin Morgan Stanley, suna ƙiyasta cewa yana ƙera agogo sama da miliyan 1 a shekara.

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa kamfanin ya rufe masana'antunsa na wani lokaci. A daidai wannan lokaci masu hali a Turai, Amurka da Asiya suna zaune a gida, ba tafiya, ba shagali, kuɗin ruwa a bankuna ya yi ƙasa, kuɗin kirifto na ta hawa. Kaya ya ragu, masu nema sun ƙaru. A 2021 Rolex, wanda ba kasafai yake magana da ƴan jarida ba, ya fitar da sanarwa cewa ƙarancin ba dabararsa ba ce, ba zai iya biyan buƙatar kowa ba sai in ya rage inganci, kuma ba zai rage ba. Ya ƙara da cewa kantuna ne ke yanke shawarar wanda za su sayar wa.

A wannan magana ta ƙarshe gizo ke saƙa. Abin da ake kira layin jira ba irin layin gidan mai ba ne, inda wanda ya riga zuwa ke riga samu. Mai kanti yana duba wa ya saba saye a wurinsa, wa ya taɓa ɗaukar sarƙa, zobe ko agogon da ba ya tafiya. Mutane da dama sun sayi kayan da ba su so don kawai a san da su. In ka haɗa wannan kuɗin da na agogon, farashin kantin ma ya zama labari.

Daga nan abin ya zama hauka. Daytona na ƙarfe, wanda kanti ke sayarwa a kan dalar Amurka 14,550 a 2022, wajen miliyan 9 na sefa ke nan, ya kai kusan dalar Amurka 50,000 a hannun dillalai a watan Maris na shekarar, wato kusan miliyan 30. A watan Disamban 2021 an yi gwanjon wani Nautilus na kamfanin Patek Philippe mai shuɗiyar fuska a birnin New York a kan dalar Amurka miliyan 6.5, alhali farashinsa na kanti bai kai 53,000 ba. Zazzaɓin ya sauko har kan masu ƙaramin ƙarfi: a Maris na 2022, da Swatch da Omega suka fito da MoonSwatch na dalar Amurka 260, mutane sun kwana a bakin kantuna, wasu kantunan sai rufewa suka yi saboda turmutsutsu.

A wannan watan ne kuma babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa. Bitcoin, da ya kusa dalar Amurka 69,000 a Nuwamban 2021, ya faɗo ƙasa da 20,000 a watan Yunin 2022. Waɗanda suka tara agoguna don su sayar suka fito da su lokaci guda. Kafin shekara ta zagayo, Daytona ɗin nan ya sauko kusa da 30,000. Wanda ya saya a ƙololuwa ya yi asarar fiye da miliyan 10 na sefa, agogon kuwa yana hannunsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Za a ce ai wanda ya samu a farashin kanti har yanzu yana kan riba. Haka ne, ga wasu samfura ƙalilan. Amma waɗanda ke samu a kanti su ne waɗanda suka daɗe suna kashe kuɗi a can. Baƙon da ya zo da ajiyarsa ta shekara biyar ba ya cikinsu. Shi ne wanda ake sayar wa a ƙarshe, daga aljihunsa ribar sauran ke fitowa.

Za a kuma ce kuɗin mutum ne, ya yi abin da ya ga dama. Ban musa ba. Son abu mai kyau ba laifi ba ne, kuma agogon da aka ƙera da kyau yana iya kai wa jikoki. Abin da nake ƙi shi ne a kira shi jari. Fili a Maradi ko Damagaram ana iya gina shi a sa haya, shago yana kawo ciniki kullum. Agogo ba ya haihuwa, sai ma ya nemi kuɗin gyara bayan wasu shekaru. Ribarsa ɗaya ce: a samu wanda ya fi ka zumuɗi ya saya.

Mu nan mun san ɓoye kaya. Mun san yadda buhun hatsi ke ɓacewa daga kasuwa kafin damina ya dawo da sabon farashi. Amma mai neman hatsi dole ce ta kai shi, yara na jira a gida. Mai neman agogo ba wanda ke jiransa. Ƙarfinsa duka yana cikin iya juya baya ya tafi, kuma shi ne ƙarfin da hotunan Instagram da TikTok ke ƙwace masa.

Shi kansa kamfanin ya nuna inda iska ta dosa. A Disamban 2022 ya fara sayar da agogunan hannu na biyu da ya tantance, da garantin shekara 2. A 2023 ya sanar da sayen Bucherer, ɗaya daga cikin manyan masu sayar da agogo a duniya. Yana kuma gina sabuwar masana'anta a garin Bulle na Suwis, da ake sa ran za ta fara aiki a 2029. Wanda ke ƙara gina rumbu ba ya shirin barin kasuwa da yunwa har abada. Ƙarancin da kake biya wa ninki yau yana da wa'adi.

Ƙaranci kuma yana buɗe ƙofa ga ɓarayi, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jabun agogo ya kai matakin da sai an buɗe bayansa gwani ke gane shi. Akwati da katin garanti su ma ana buga na ƙarya. Fizgen agogo a titunan Landan da Paris ya sa na sata ya cika kasuwa. Ɗan uwanmu da ke waje, wanda aka tura wa kuɗi daga gida aka ce ya nemo, shi ne ya fi shiga haɗari: in kayan ya fito jabu, kuɗi sun tafi, zumunci ya bi su.

Ga wanda ya nace sai ya saya, hanyar a bayyane take. Ya rubuta sunansa a kanti mai izini ya jira, kada ya sayi abin da ba ya so don neman shiga. In na hannu zai ɗauka, ya je wurin da ke da adireshi da takardar saye, ya sa a duba lambar agogon a rajistar kayan sata irin ta The Watch Register, ya kai wa mai gyara ya buɗe kafin ya biya. Ya lissafa kuɗin duwan in zai shigo da shi gida. Kada ya ci bashi, kada ya taɓa jarinsa.

In duk wannan ya yi masa nisa, akwai Tudor, ƙanin Rolex daga gida ɗaya, akwai Omega, akwai Seiko, da yawansu suna kanti yau, kuma duka suna nuna lokacin sallar Azahar daidai. Dillali yana rayuwa ne da mutumin da ba ya iya jira. Kada ka zama kai ne.