Falkaswar da Ba Ta Kai ga Maƙwabci Ba

Ɗan'uwana mai karatu, ka sha jin ana cewa zancen wariyar launin fata da ƙabilanci siyasa ce, bai kamata a hau mumbari da shi ba, wai aikin ikkilisiya ceton rayuka ne kaɗai. Ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan, ga kuma shaidata.

Beyers Naudé fasto ne farar fata a Afirka ta Kudu, cikin ikkilisiyar Dutch Reformed, wadda malamanta suka daɗe suna tono ayoyi domin su wanke mulkin wariya. Ba marar bi ba ne. Ya san Littafi Mai Tsarki, yana addu'a, yana wa'azi kowace Lahadi, yana kuma cikin ƙungiyar asirin nan ta Broederbond, wadda mahaifinsa na cikin waɗanda suka kafa ta. Ka lura da kyau: mutum ya yi shekara ashirin a gonar Ubangiji, idonsa bai gama buɗewa ba.

Ran 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka buɗe wuta a Sharpeville, suka kashe baƙar fata 69. Naudé ya riga ya fara bin ayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, yana ganin ba su faɗi abin da aka ɗora musu ba. Jinin Sharpeville ne ya hana shi ci gaba da yin shiru. A 1963, yana riƙe da shugabancin babbar majalisar ikkilisiyarsa ta yanki, aka ce ya zaɓa: ko kujerarsa, ko aikin haɗa Kirista baƙi da farare da ya sa hannu a ciki. Ya yi wa'azi daga Ayyukan Manzanni 5:29 a kan wanda ya cancanci biyayya, Allah ko mutum, ya rabu da fastocinsa. Abokai suka juya masa baya. Daga 1977 zuwa 1984 gwamnati ta sa masa takunkumi, ba shi da izinin zama da mutum fiye da ɗaya a lokaci guda.

To, wannan siyasa ce? In haka ne, Bulus ma ɗan siyasa ne sa'ad da ya tsauta wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya saboda ya janye hannunsa daga akushin Al'ummai. Bulus bai ɗauke shi ƙaramin abu ba. Karkacewa daga gaskiyar bishara ya gani.

Yabon Naudé ba wuya, tunda laifin na Turawa ne, ƙasar kuma da nisa. Amma kai fa? Ka yi kuka a taron falkaswa, ka fita gaba, an yi maka addu'a, madalla. Da lokacin zaɓen dattawa ya zo, me ka fara tambaya, halin mutumin ko yarensa? Da 'yarka ta kawo saurayi mai bi daga wata ƙabila, wace aya ka nemo? Malaman wariya ma da ayoyinsu suka zo, kuma ba su fi ka rashin tsoron Allah ba.

Sai a 1994 majalisar ikkilisiyar Naudé ta nemi gafararsa a fili, shekara 31 bayan ta raba shi da mumbari. Kafin nan ya daɗe da komawa sujada tare da baƙar fata a unguwar Alexandra.