Gefen Titi Na Waye? Dokar Fakin da Cinikin Shagunan Tsakiyar Kano

Makalar wannan makon a kan titi za ta tsaya, a daidai wannan 'yar tazarar da ke tsakanin ƙofar shago da kwalta.

Duk inda 'yan kasuwar tsakiyar Kano suka zauna suna kukan raguwar ciniki, in an gama da tsadar kaya da karyewar darajar Naira, magana ta gaba ita ce fakin. Mai shago a Titin Ibrahim Taiwo ko Titin Bello zai ce kwastoma ya ɗauke ƙafa, don yana tsoron ya shiga sayayyar minti biyar ya fito ya tarar an cire masa lamba ko janwe ta yi gaba da motarsa. Direban da ke wucewa zai ce motocin da aka jibge hagu da dama ne suka mai da tafiyar minti goma ta koma awa guda. Jami'in hanya kuma zai ce in ya kau da kai rabin yini, ko motar asibiti ba za ta samu wucewa ba. Dukkansu ukun gaskiya suke faɗi, shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa.

Mu a namu ganin, tambayar da aka daɗe ana yi, wato a bar mutane su yi fakin ko a hana, ita ce ta ɓatar da mu. Abin da shago yake buƙata shi ne gurbin da ke juyawa, wannan ya tashi wancan ya shigo. Dokar da ta samar da haka ta taimaki ɗan kasuwa ko da akwai biyan kuɗi a cikinta. Wadda ta kasa samar da haka ta cuce shi, ko da kyauta ce.

Mu yi lissafin da kowane yaron shago zai iya yi. Mota ɗaya, in ta tsaya a gefen titi, tana cin wajen mita biyar zuwa shida, ta rufe fuskar shago guda har ta taɓa na maƙwabci. In ta tsaya tun ƙarfe 8 na safe har 6 na yamma, wannan gurbin mutum ɗaya ya amfana a cikin awa goma. In kuwa kowace mota rabin awa take yi ta tashi, mutum 20 ne za su samu tsayawa a gurbin nan guda. Layin da ke ɗaukar mota 30 zai iya karɓar baƙi 600 a yini, ko kuma ya tsaya a kan 30 ɗin nan. Faɗin titin bai canza ba, tsawonsa bai canza ba.

To motar waye take wuni a ƙofar shago? Nan ne maganar take da ɗaci. Sau da yawa ta mai shagon ce, ko ta maƙwabcinsa, ko ta ma'aikacin bankin da ke kusa. Shi ya riga kowa zuwa, don haka shi ya samu wuri mafi kyau. In bai zo da mota ba, sai ya sa benci ko tsohuwar taya ko jarka ya kame wurin, ko ya fito da dilolin kaya ya baje har bakin kwalta. Daga nan mai tebur ya ɗora nasa, mai baro ya raɓa, mai tafiya a ƙasa ya rasa inda zai taka sai tsakiyar titi. Kwastoman da ya zo da rana tsaka sai ya yi ta zagaye, in ya gaji ya tsaya a layi na biyu, nan kuma doka ta kama shi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wannan ciwon ba a kanmu aka fara shi ba. A birnin Oklahoma na Amurka, a shekarun 1930, masu shaguna sun yi irin wannan kukan: ma'aikatan ofisoshi suna zuwa da sassafe su cika gefen titi, masu sayayya su rasa wuri. Wani lauya kuma editan jarida mai suna Carl Magee, wanda yake cikin kwamitin zirga-zirga na ƙungiyar 'yan kasuwar garin, shi ya fito da dabarar na'urar da ake jefa wa kwabo ta ƙirga lokacin tsayuwa. An kafa ta farko ranar 16 ga Yuli, 1935, ana biyan santi biyar a awa. Abin lura shi ne daga wajen 'yan kasuwa buƙatar ta fito, kuma manufarta ita ce a tashi motar da ta yi kaka-gida don mai saye ya samu shiga.

Sai dai kada a ɗauka laifin duka na 'yan kasuwa ne. Hukumar KAROTA, wadda aka kafa a 2012 zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, ta zo ne a lokacin da titunan Kano suke neman gagarar kowa, kuma duk mai adalci ya san yadda mahaɗar Bata ko 'Yankura take zama in babu mai ba da hannu. Amma doka ba ta cika doka sai wanda za ta hau kansa ya san da ita tun kafin ya taka ta. A tituna da yawa na tsakiyar gari babu fenti a ƙasa, babu allon da ya ce nan an yarda, nan an hana, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, tara kaza. Wurin da mutum ya tsaya jiya lafiya, yau ya zama laifi. Baƙon da ya taso daga Haɗeja ko Katsina ko Maraɗi don yin sari ba shi da hanyar sani sai an kama shi. Rashin tabbas ɗin nan ya fi tarar kanta korar mutane, domin mutum yana iya shirya wa kuɗin da ya san adadinsa, amma ba ya iya shirya wa abin da sai an yi ciniki a bakin taga.

Abuja ta ba mu darasi a nan. An shigo da tsarin biyan kuɗin fakin a titunanta, aka damƙa wa kamfanoni karɓa da kamu, jama'a suka yi ta kuka da yadda ake kulle tayoyi. A 2014 Babbar Kotun Birnin Tarayya ta yanke hukuncin cewa tsarin ba shi da madogara a doka, aka dakatar da shi. Duk tsarin da jama'a suka fahimci farautar kuɗi ce, ba gyaran hanya ba, ba ya samun goyon baya, kuma ba ya daɗewa.

Wa ke kwana ciki a wannan yanayin? Babban ɗan kasuwa yana da yaran da za su kai wa kwastoma kaya har gida, yana da sito a wani wuri, ana yi masa oda ta waya. Manyan kantuna masu harabar kansu, irin rukunin Ado Bayero Mall da aka buɗe a Titin Gidan Zoo a 2014, suna sayar da kwanciyar hankali tare da kaya: ka shiga, ka ajiye mota, ka fito ka same ta. Wanda ke shan wuya shi ne mai ƙaramin shagon da ribarsa ta dogara da mai wucewa, mai kemis, mai sayar da littattafai da kayan makaranta, mai gyaran waya, tela. Shi ne kwastomansa yake cewa bari na bari sai wani lokaci, wani lokacin kuma ba ya zuwa. Haya kuwa ba ta jira.

Akwai kuma wani abin da masu shaguna a ko'ina suke yawan kuskurewa, wato zaton cewa yawancin masu sayensu da mota suke zuwa. A birnin Biristol na Ingila, wani bincike da ƙungiyar Sustrans ta fitar a 2006 ya tambayi masu shaguna, suka ƙiyasta cewa kashi 41 cikin ɗari na kwastomominsu da mota suke zuwa. Da aka tambayi kwastomomin kansu, sai aka samu kashi 22 ne. In haka ta faru a ƙasar da mota ta wadata, ina ga Kano? Kowa ya tsaya a bakin Kantin Kwari ko Singa ko Kasuwar Sabon Gari ya ga yadda jama'a ke sauka. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, A Daidaita Sahu ce ta zama ƙafar talaka, ita ke kawo matan da ke haɗa lefe da 'yan sarin ƙauye. Amma a tsarin titunanmu ba a cika ware mata wurin sauke fasinja ba. Sai ta tsaya inda ta samu, ta tare hanya, a kama direban, gobe ya ce wa fasinja ba ya shiga wannan layin. Mota guda da ta wuni a tsaye ta cinye wurin da A Daidaita Sahu biyu za su riƙa sauke masu saye tun safe har dare.

Tushen matsalar kuma yana can wajen gini, tun ran gini ran zane. Gidan da iyali ɗaya ke ciki a da, an rushe shi an tada filaza mai hawa uku da shaguna hamsin, an cinye filin har bakin kwata, ba a bar wurin mota ko biyar ba. Kowane shago da mai shi da yaransa da motar da ke kawo masa kaya. Duk wannan nauyin titi aka ɗora wa. Mai ginin ya karɓi hayarsa, jami'in hanya da mai saye aka bari suna cacar baki a rana. Hukumar tsara birni ta KNUPDA ita ke da hurumin amincewa da zanen gini, don haka maganin cunkoson shekara goma masu zuwa a teburinta yake yau.

Me muke ganin ya kamata a yi? Na farko, a shata. A bi titunan kasuwa ɗaya bayan ɗaya, a yi fenti, a kafa alluna da Hausa da Turanci, har da Ajami inda ya dace, a rubuta lokaci da adadin tara ɓaro-ɓaro. Inda babu alama, kada a yi kamu, sai dai in mutum ya tare hanya ƙiri-ƙiri.

Na biyu, gurbin ƙofar shago ya zama na gajeren zama. Rabin awar farko kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, daga nan kuɗin ya riƙa hawa yadda wuni a wurin zai yi tsada. Masu shaguna da ma'aikata, waɗanda dole su wuni, a nema musu fili a bayan kasuwa su riƙa biya a wata. Tafiyar minti biyar da safe ba ta kai asarar kwastoma goma sha tara ba.

Na uku, a raba lokaci. Tirela da manyan motocin kaya su yi lodi da sauki da asuba ko bayan isha'i, da tsaro da fitila, 'yan dako da masu kura su yi aikinsu a sarari. A kowane layi kuma a ware wa A Daidaita Sahu da 'yar ƙurƙura wurin tsayawa na 'yan mintuna.

Na huɗu shi ne wanda zai sa sauran su tsaya da ƙafarsu: kuɗin da aka tara a titi ya koma kan titin. Farfesa Donald Shoup na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin fakin, ya yawaita kafa hujja da tsohuwar unguwar kasuwanci ta garin Pasadena. 'Yan kasuwar wurin sun daɗe suna ƙin na'urar karɓar kuɗi, har sai da hukumar garin ta yi alƙawarin kashe kuɗin a unguwar. Aka kafa na'urorin a 1993, kuɗin ya tafi wajen shara da fitilu da gyaran hanyar masu tafiya a ƙasa, unguwar da ta fara mutuwa ta farfaɗo. A Kwari, inda ambaliyar 2022 ta lalata dukiya mai yawa, kowa ya san abin da yashe magudanan ruwa yake nufi. Ɗan kasuwar da ya ga kuɗin fakin ya yashe kwatar ƙofar shagonsa, shi zai fara tsawata wa mai karya dokar.

Mun san za a ce wannan wani sabon haraji ne a kan mutanen da suka riga suka gaji. Amsarmu ita ce ana biya ko yanzu, sai dai babu rasit. Ana biyan yaron da ya ce shi ke gadin wurin, ana biyan man da aka ƙona wajen zagaye, ana biyan na sulhu in an yi kamu, mai shago kuma yana biya da cinikin da ya wuce shi. Za a kuma ce 'yan kamasho za su mamaye tsarin. Wannan tsoro ne mai tushe, kuma maganinsa shi ne kada kuɗi ya shiga hannun mai kamu. A biya ta waya ko POS zuwa asusu guda, shugabannin kasuwa su zauna a kwamitin da ke duba shi, a liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a ƙofar kasuwa duk wata. Kada kuma a auna ƙwazon jami'i da yawan motocin da ya kama. A auna shi da yadda titinsa ke tafiya.

Ba sai an jira gyaran gari gaba ɗaya ba. A ɗauki titi guda, a ce na Ibrahim Taiwo, a zauna da ƙungiyar 'yan kasuwarsa, a gwada wata shida, a ƙirga masu shigowa kafin a fara da bayan an gama. In ciniki ya ƙaru, sauran layukan da kansu za su nema. Kafin gwamnati ta motsa ma, akwai abin da ke hannun kowane mai shago gobe da safe: ya ɗauke bencin, ya kai motarsa baya, ya bar wa mai saye ƙofa.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya ba kowa halalinsa. Muna sauraron masu ganin akasin haka, musamman waɗanda ke zaune a shago.