Ladan mai dogon hannu: me ya sa ake ƙyashin biyan wadda ta kammala bargo?

A Amurka akwai wani bargo da ake kira kwilt, wanda mata suka gada tun kaka da kakanni. Hawa uku gare shi: fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye masu launi iri-iri, auduga a tsakiya, sai shafi a ƙasa. Wanda ya san lifidin dawakan sarakuna ya san asalin dabarar, domin ɗinkin da ke ratsa hawa ukun shi ke hana audugar dunƙulewa. Mace kan shafe watanni tana haɗa fuskar, amma wannan ɗinki na ƙarshe yakan fi ƙarfin keken gida. Sai ta kai wa mai keken da ake kira mai dogon hannu. A nan ne gunaguni ke farawa. Wadda ta kashe ɗaruruwan daloli a kan yadi ba tare da ta yi tsaki ba, da an faɗa mata ladan ɗinki sai ta ce an yi mata tsada. Wannan ƙorafi ba shi da tushe, kuma lissafi kaɗai ya isa ya rushe shi.

Yawancin masu wannan sana'a da murabba'in inci suke yanka farashi. Ɗinki mai zane ɗaya da ke maimaituwa daga gefe zuwa gefe yakan kama daga santi 2 zuwa 3 a kowane murabba'in inci. Bargon babban gado mai faɗin inci 90 da tsawon inci 100 yana da murabba'in inci 9,000. A kan santi biyu da rabi, ladan ya zama dala 225. Adadin ne ke tayar wa mai bargo da hankali, don ta ɗauka duka aljihun mai ɗinki zai shiga.

Ba haka abin yake ba. Keken nan a kan wani dogon tebur yake, mai tsawon ƙafa 10 zuwa 14, wato ɗaki guda ake ware masa a gida. Kamfanoni irin su Gammill da APQS da Handi Quilter ne ke ƙera shi, kuma wanda aka haɗa da kwamfuta yakan kai dubban daloli masu yawa. A ƙaddara mace ta sayi nata dala 20,000. Sai ta kammala barguna 89 irin wancan kafin ta mayar da kuɗin keken kaɗai, ba a yi maganar zare da allura da wuta da gyara ba. Ga kuma haraji: mai zaman kansa a Amurka yana biyan kashi 15.3 cikin ɗari na ribarsa don fansho da kiwon lafiyar tsufa, nauyin da ma'aikaci ke rabawa da wanda ya ɗauke shi aiki. Ba ta da hutu mai albashi. Ranar da bayanta ya riƙe saboda tsayuwa, ranar ba ta da ko sisi.

Hujjar da masu ƙorafi suka fi dogara da ita ita ce wai na'ura ce ke yin aikin. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa tsayawa kusa da teburin ba. Kafin allura ta taɓa yadi, sai an goge shafi, an daidaita kusurwoyinsa, an naɗa kowane hawa a sandarsa ba tare da ya karkace ba. Sai an gwada ƙarfin zaren sama da na ƙasa, domin in ɗaya ya rinjayi ɗaya, ɗinkin zai yi ƙulle-ƙulle a baya, kuma warware aikin minti goma na iya cin sa'a guda. Fuskar da aka kawo ma ba kullum take miƙe ba. Sau da yawa gefenta ya fi tsakiyarta tsawo, sai mai ɗinki ta lallaɓa rarar har ta ɓace. Kuskuren mai bargo ne take rufewa, kuma ba a rubuta wannan a takardar farashi. Kwamfuta na iya bin zane, amma ba ta ganin yadin da ya tattare.

Abin ya fi muni a ɗinki na musamman, inda kowane yanki ke samun zanensa da hannu. A ce an biya santi 6, wato dala 540 a kan wancan bargo, aikin kuma ya ci sa'o'i 40. Kowace sa'a ta tashi dala 13 da rabi, tun ba a cire komai ba. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne tun 2009. Idan aka cire kuɗin keke da haraji, ƙwararriyar da ta shekara goma tana koyo ta kusa komawa sahun sabon shiga.

Tushen matsalar tsohon raini ne ga aikin da mata ke yi a cikin gida. Matan Gee's Bend da ke jihar Alabama, jikokin bayi, sun daɗe suna ɗinka barguna daga tsofaffin tufafi don maganin sanyi, ba wanda ya kula. Da aka baje kolinsu a gidan adana zane-zane na Houston a 2002, daga baya kuma a Whitney da ke New York, sai masana suka shiga yabo, har hukumar gidan waya ta buga hotunansu a kan sarki a 2006. Hannun da ya yi aikin bai sauya ba. Bangon da aka rataye shi ne ya sauya.

Su ma masu sana'ar suna da nasu laifin. Wadda mijinta ke riƙe da gida, ta ɗauki ɗinkin abin ɗebe kewa, takan karya farashi don jin kunyar ƙawaye. Ta haka take karya kasuwar wadda da shi take biyan haya. Auna aiki da inci shi ma ya taimaka wajen ruɗin, domin yana nuna girman yadi, yana ɓoye lokacin mutum.

Gaskiya ne dala 225 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga tsohuwar da ke rayuwa da fansho. Amma tana da mafita: akwai shagunan da ke ba da hayar keken da sa'a bayan ɗan horo, ana iya lallaɓa bargon a keken gida, ana kuma iya ɗaure hawa ukun da ƙullin zare kamar yadda magabata suka yi. Abin da ba ta da haƙƙinsa shi ne wata mace ta yi mata rangwame da guminta. Araha ba ta ado. Wadda ke son bargon da jikokinta za su gada, ta biya hannun da ya sa ya daɗe.