Sabar Ta Takwas: Me Ya Sa Bai Kamata A Riƙa Kai Manhaja Bakin Aiki Da Hannu Ba



Yau zan ɗan fitar da mu daga duniyar labari da waƙa, mu leƙa wajen masu rubuta manhajar kwamfuta. Su ma marubuta ne irinmu. Suna da daftari, suna da tacewa, suna da ranar fitar da aiki. Sai dai kuskurensu nan take yake cin kuɗi.

Akwai ayyukan da kwamfuta ke yi ita kaɗai idan lokacinsu ya yi, ba tare da wani ya danna komai ba. Da tsakar dare ta ɗauki kwafin bayanai ta adana. Da asuba ta haɗa lissafin cinikin jiya. Ƙarshen wata ta shirya jerin albashi. Tun shekarun 1970 tsarin Unix yake da wata 'yar manhaja mai suna cron, wadda ake faɗa wa rana da awa da minti, ita kuma ta tayar da aiki. Da ayyukan suka zama sarƙa, wannan ba ya farawa sai wancan ya gama, sai aka samar da irin su Apache Airflow, wadda aka fara ginawa a kamfanin Airbnb a 2014.

Kowane aiki irin wannan yana da aƙalla gida biyu. Akwai filin gwaji, inda ake wasa da bayanan bogi, in an ɓata babu wanda ya yi asara. Akwai kuma filin aiki na gaske, inda kuɗin mutane da sunayensu suke. Abin tambaya shi ne, ta wace hanya ake ɗauke aiki daga na farko zuwa na biyu? Har yanzu a wurare da yawa mutum ne yake zama ya kwafa da hannu, ya canza suna nan, ya gyara lokaci can, yana dogaro da tunaninsa. Ra'ayina shi ne wannan ɗabi'ar ganganci ce, ko da mai yin ta ƙwararre ne.

Ga dalilina na farko. A ƙarshen watan Yulin 2012, kamfanin Knight Capital, wanda ke hada-hadar hannun jari a Amurka, ya sanya sabuwar manhaja a kan sabobinsa guda takwas. Ma'aikacin da ke kwafa ya sanya wa bakwai, ta takwas ba ta samu ba, kuma babu wani na biyu da ya bi bayansa ya duba. A cikin sabar ta takwas akwai wani tsohon umarni mai suna Power Peg da aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a goge ba. Ranar 1 ga Agusta, da aka buɗe kasuwa, tsohon umarnin ya farka ya shiga aika odar saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Da ma'aikata suka ruɗe, sai suka cire sabuwar manhajar daga sauran bakwai ɗin, abin ya ƙara lalacewa. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 440. Daga baya hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 12, kuma a 2013 ya haɗe da wani kamfani.

A lura, ba a rasa ilimi a kamfanin nan ba. Mantuwa ce kawai, irin wadda kowannenmu yake yi. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, shi kuwa ya tsaya a bakwai bai cika takwas ba.

Dalili na biyu ya fi kusa da batun ayyukan da aka tsara wa lokaci. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanai daga babban rumbun aiki, yana zaton a kan na biyu yake. Kusan gigabait 300 suka tafi. Aka ce a ɗauko kwafin ajiya, sai aka tarar babu shi. Aikin da aka tsara don ɗaukar kwafin ya jima yana faɗuwa, saboda manhajar da ke ɗaukarsa ta 9.2 ce, rumbun kuwa 9.6 ne. Saƙonnin imel da ya kamata su sanar da faɗuwar ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan domin filin gwaji. Bayanan waɗannan awannin dai sun salwanta.

Aikin da ke gudana da dare ba ya kuka idan ya mutu. Shiru zai yi, kowa na barci da tunanin komai lafiya, sai ranar da aka buƙace shi.

To mene ne mafita? Abu huɗu nake gani.

Na ɗaya, a rubuta komai. Jadawalin aiki, da jerin abin da ke biye da wani, da nau'in manhajar da yake buƙata, duk su zauna a fayil, a ajiye a rumbu mai riƙe tarihi kamar Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Ta haka za a san wa ya canza me, yaushe, kuma a iya komawa baya.

Na biyu, rubutu ɗaya ya yi aiki a gida biyun. Abin da ya bambanta kawai, kamar adireshin rumbun bayanai da kalmar sirri da lokacin tashi, a ware shi gefe. Ko agogo ma abin lura ne. Sabobi da yawa suna bin agogon duniya, wanda agogon Nijeriya da Nijar ya riga shi da awa ɗaya. Aikin da ka sa wa sha biyun dare sai ya tashi ƙarfe ɗaya a wajenka.

Na uku, na'ura ce za ta kai aikin. Manhajoji irin su Jenkins da GitHub Actions suna iya gwada shi, su sanya shi a filin gwaji, in ya tsallake su kai shi kowace sabar ta hanya ɗaya, sannan su ƙirga su tabbatar takwas ne ba bakwai ba.

Na huɗu, a sa ido kan shiru. Kada a jira saƙon faɗuwa. Idan saƙon nasara bai zo a kan lokaci ba, a tayar da wani daga barci.

Na san wani zai ce, ai na'ura ma tana yaɗa kuskure, har ta fi hannu sauri. Gaskiya ne. Ranar 19 ga Yulin 2024, wani sabuntawa daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga matsala. Amma darasin da ke nan shi ne a kafa shinge a kan hanyar: mutum na biyu ya duba kafin a saki, a fara da kaɗan kafin a kai ga kowa, a tanadi hanyar janyewa. Hukunci na mutum ne, maimaici na na'ura. Wani kuma zai ce mu biyu ne kacal, ina mu ina wannan wahala? Ƙaramar ƙungiya ta fi kowa buƙatarsa, domin idan tsarin duka yana cikin kan mutum ɗaya, ranar da ya kwanta rashin lafiya ko ya sauya aiki, shi ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu mu dawo gida. Duba wayarka ko kwamfutarka. Fayil nawa kake da su masu suna "na ƙarshe", da "na ƙarshe 2", da "na ƙarshe na gaske"? Wa ya tabbatar wanda aka tace ne ya tafi maɗaba'a? 'Yar uwa mai sakin shafi kullum da dare, wa ke karanta miki kafin ki tura? Yaushe rabon da ka buɗe kwafin ajiyar littafinka ka ga ko yana buɗuwa? Kowannenmu yana da sabarsa ta takwas.

Shawarata ga wannan makon: ka ware wurin daftari daban da wurin kammalallen rubutu, ka rubuta matakan da kake bi kafin ka saki aiki, ka bi su ko kana gaggawa, sannan ka gwada kwafin ajiyarka yau ɗin nan.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya tsare mu daga mantuwa mai tsada. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.