Masu dariyar horon natsuwa a kurkukun mata, ku zo mu yi magana

1/ Duk lokacin da aka ce a koya wa matan gidan yari zama shiru su lura da numfashinsu don su iya riƙe fushi, sai wasu su fara: "Kurkuku ne ko otal?" Haba jama'a. Ku ɗan saurara.

2/ Abin fa ba tsafi ba ne. Mace ta zauna, ta bi numfashinta, ta koyi gane fushi tun yana tasowa: ƙirji ya yi zafi, hannu ya fara rawa. Wannan ɗan tsaikon tsakanin jin zafi da kai mari shi ake horarwa. A ɗakin da mata suka cunkushe, ana rigima kan bokitin ruwa, tsaikon nan ne ke raba mace da ƙarin horo daga gandirobobi.

3/ An gwada. Kiran Bedi ta karɓi kurkukun Tihar na Delhi a 1993, ta shigo da horon Vipassana, kwana 10 ana zaman shiru. A 1994 fursunoni kusan 1,000 suka yi shi a lokaci ɗaya.

4/ Masu cewa baƙon abu ne, ba tun muna yara ake gaya mana in ka fusata a tsaye ka zauna, ka yi alwala ba? Tsaikon nan dai ake nema.

5/ Amma ga inda nake rabuwa da masu tallata shi. A Najeriya mafi yawan waɗanda ke tsare jiran shari'a suke. Matar da ta shekara uku ba a yanke mata hukunci ba, an raba ta da yaranta, fushinta na da dalili wallahi. In ka koya mata numfashi don ta daina damunka, ka bar fayil ɗinta na shan ƙura, kai ka yi wa kanka aiki, ba ita ba.

6/ Dokokin Bangkok na Majalisar Ɗinkin Duniya, 2010, sun ce a kula da lafiyar ƙwaƙwalwar mata fursunoni, kuma kada a kulle mai ciki ko mai shayarwa ita kaɗai. A 2019 muka sauya suna zuwa gidan gyaran hali. To a kawo mai horon natsuwar, lauyanta kuma ya shigo ta ƙofa ɗaya da shi.