Ra'ayinmu: Matashin Azarori Na Noman Albasa, Wani Na Kwashe Riba

A ƙaramar hukumar Azarori ta gundumar Madawa, da yankunan Buza da Keita a jihar Tawa, yawancin matasa ba su san albashin ƙarshen wata ba. Abin da ke riƙe da su biyu ne: albasar rani da cin rani a Najeriya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin da ɗan cin rani ke aikowa gida ya ragu sosai idan aka canza shi zuwa sefa. Saura albasa.

Ita ma tana da nata ciwon. Matashi kan ci bashin iri, taki da man injin ban ruwa. Da an cire albasa a Maris ko Afrilu, mai bashi na bakin ƙofa, dole ya sayar lokacin da kasuwa ta cika, farashi ya karye. Wanda ya saya ya adana a rudu, bayan 'yan watanni shi zai loda ta zuwa Abijan ko Akara da tsada.

Gyara na hannun ɓangarori biyu. Hukumomi da asusun bashi na karkara su samar da rumbunan ajiya masu iska, da rancen da manomi zai jingina amfaninsa har farashi ya tashi. Matasa kuma su haɗa kai cikin ƙungiyoyi, su rubuta abin da suka kashe tun daga shuka, su rage wa biki da sabon babur kuɗin girbi. Wanda ya sha ranar gona ya cancanci ya ga ribar gumin kansa.