Shawarar mai juna biyu a fadamar Rima: daga hanta zuwa ƙoda

Duk damina kogin Rima kan cika ya malala cikin fadamar Zauro, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Idan ya yi ambaliya, kamar a 2020, asarar shinkafa ake lissafawa. Ba a cika lissafa rijiyoyin da ruwan ya haɗe da bayan gida ba, alhali ta nan ne ƙwayar ciwon hanta nau'in E ke shiga ciki.

Yawancin waɗanda suka kamu kan warke cikin 'yan makonni. Mai juna biyu ce ke cikin haɗari: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a watanni uku na ƙarshen ciki, cutar na iya kashe har mace ɗaya cikin huɗu ko biyar. An ga haka a Diffa ta Jamhuriyar Nijar a 2017, inda masu ciki suka fi yawa cikin waɗanda suka rasu, kuma a shekarar cutar ta ɓulla a Ngala ta Jihar Borno.

Idan hanta ta gaza, ƙoda ce ke biyo baya. Amai ya ƙarar da ruwan jiki, jini ya ƙi daskarewa bayan haihuwa, abin da ke isa ƙoda ya ragu, sai fitsari ya ɗauke. Jiƙon shawara da ƙwayoyin kashe ciwo na kemis, waɗanda aka saba fara gwadawa a gida, suna iya ƙara wa ƙodar nauyi. Daga nan sai wankin ƙoda a babban asibitin birni, kuɗin da manomin fadama ba ya ajiye da shi.

Saboda haka dogaro da sayen injinan wanki kaɗai gyara ne a makare. Aikin yana can baya, wajen tsabtace rijiyoyi da zarar ruwa ya janye, da koya wa ungozoma da ma'aikatan ɗakin shan magani cewa idon mai ciki da ya koma ɗorawa dalilin tura ta asibiti ne a ranar.

Nau'in B kuwa, wanda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jinin kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya, gwajin jini a wurin awo ke gano shi. Allurar da ke kare jariri ana son yin ta cikin sa'o'i 24 da haihuwa, a yankin da mafi yawan mata ke haihuwa a ɗaki.